Kalanguna ya koma gwangwani a cikin samfula, ina matsalar take?

Ɗan Jarwal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon manya. Na ɗauki sautin kalangu bugu goma sha biyu da jawwal, wato wayar hannu, na jefa ɗaya a samfular FL Studio, wato sashen manhajar haɗa kiɗan da ke kunna sautin da aka ɗauka a kan maɓallan kibod. Matsala uku: in na hau maɓallan sama yana ƙara kamar gwangwanin madara, in na sauka ƙasa yana ja kamar ganga mai mura. Na biyu, akwai wani "ƙas" a farkon kowane bugu. Na uku, in na jera bugu da sauri sai ya zama kamar keken ɗinki. Samfular ce ba ta da kyau, in sayi wata, irin Kontakt?

Abu Yasir Jidda: Wa alaikumus salam. Ajiye riyalinka tukuna, ƙanena. Duk ukun babu laifin samfula a ciki, ko Kontakt ka saya haka za ka ji. Mu fara da ta farko. Samfula ba ta san kalangu ba, ba ta san algaita ba. Abin da ta sani shi ne ka ba ta fayil, ka nuna mata maɓalli ɗaya ka ce a nan sautin yake yadda aka ɗauke shi. Wannan shi ne maɓallin asali. Duk maɓallin da ke samansa, sai ta ƙara wa fayil ɗin gudu. Wanda ke ƙasa, ta rage. Ka hau maɓalli 12, gudu ya ninka biyu, bugun daƙiƙa biyu ya koma daƙiƙa ɗaya. Kuma ba muryar fata kaɗai ke tashi ba, har amon icen da ƙarar makaɗi duk suna tashi tare, shi ya sa kalangu ke ƙanƙancewa ya koma gwangwani. Ƙa'idar da ake bi: kada samfur ɗaya, wato fayil ɗin sauti, ya wuce mataki ɗaya ko biyu sama da ƙasa, mataki kuwa shi ne daga maɓalli zuwa na kusa da shi. Masu haɗa fiyano sukan ɗauki samfur a kowane maɓalli na uku, ta yadda babu wanda za a ja fiye da mataki ɗaya.

Ummu Rayyan: Kafin a yi nisa, Ɗan Jarwal, fayil ɗin wane iri ne? Duba ƙarshen sunansa.

Ɗan Jarwal: Anti, makaɗin ne ya turo min wasu ta WhatsApp, su .opus ne. Na mayar da su mp3 don FL ta karɓa.

Ummu Rayyan: To ka ga an yi wa sautin aski sau biyu. Saƙon murya na WhatsApp an gina shi ne don magana, yana matse sauti yana zubar da abin da ya ga kunne ba zai nema ba, kuma abin da ya fi shan wahala shi ne bakin bugu, wato ɗan lokacin nan da makaɗi ya taɓa fata. Ka ƙara mayar da shi mp3, an sake matsewa. Banda haka mp3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, wajen milisakan 25, sai ka danna maɓalli sautin ya zo a makare. Ka nemi WAV, 24 bit, 44.1 ko 48 kHz. In dole sai ta WhatsApp, a turo shi a matsayin takarda, ta wajen Document, nan ba a taɓa shi. Mayar da opus zuwa WAV zai sa samfula ta karɓa, amma abin da aka zubar ya zube.

Kawu Garba Mai Fiyano: Ni dai tun daga tushe ban yarda da yadda kuke son yi ba. Kalangu ba fiyano ba ne da za a shimfiɗa shi a kan maɓallai. Magana yake yi. Hausa tana da karin sama, karin ƙasa da mai faɗuwa, makaɗi kuma da hammatarsa yake bin su, ya matse tsarkiya murya ta hau, ya saki ta sauka. In ba ka ɗauki matsin nan ba, ba ka ɗauki kalangu ba, ka ɗauki ice da fata.

Injiniya Bashir Riyad: Kawu, Allah ya ƙara girma, ai wilin lanƙwasa sauti da ke gefen kibod zai iya wannan aikin. A yadda yake zuwa yana lanƙwasa mataki biyu sama, biyu ƙasa, wato sent 200, tunda mataki ɗaya sent 100 ne. A faɗaɗa shi zuwa mataki biyar ko bakwai, sai mai kiɗa ya buga da dama ya ja wili da hagu. Samfur kaɗan, aiki ya yi.

Kawu Garba Mai Fiyano: Bashir, wili yana jan komai ne gaba ɗaya, abin da Abu Yasir ya gama faɗa ke nan. A kalangu na gaske fata ce kaɗai ke ɗaurewa, icen yana nan yadda yake. Kuma fata in ta ɗaure amonta gajarta yake yi ya bushe, in ta saki ya yi tsawo ya yi kauri. Ga kukan tsarkiya lokacin matsi. Wili bai san da wannan ba. Ka ja shi mataki bakwai ka kunna wa mahauci, zai tambaye ka wane yaro ne ke wasa da rediyo.

Abu Yasir Jidda: Kowa da gaskiyarsa a wurinta. Wili yana da amfani a ɗan lanƙwaso, mataki ɗaya zuwa biyu, don gyara bakin jimla. Amma hawa da sauka na gaske a ɗauke su daga hannun makaɗi. Ga tsarin da zai fitar da kai, Ɗan Jarwal. Ka sa ya ba ka matsi biyar: sake gaba ɗaya, ɗan matsi, tsakiya, matsi sosai, da ƙarshen ɗauri. A kowane matsi ya buga ƙarfi uku: a hankali, daidai, da ƙarfi. Kowane ɗaya kuma ya maimaita sau huɗu. Biyar sau uku sau huɗu, samfur 60 ke nan. Sai ƙari: bugu mai hawa da bugu mai faɗuwa, kowanne da sauri da kuma a hankali, da taɓin yatsun hagu, da bugun da ake danne fata. Kada yawan ya tsorata ka. A 48 kHz, 24 bit, layi ɗaya wato mono, daƙiƙa ɗaya tana cin baiti 144,000. Bugu 60 na daƙiƙa ɗaya da rabi bai wuce megabait 13 ba. Ya bar daƙiƙa uku tsakanin bugu da bugu, jelar sauti ta mutu kafin na gaba, ba don haka ba wajen yanka za ka yi kuka.

Maimaicin nan sau huɗu shi ne maganin keken ɗinkinka. Kunne yana gane fayil ɗaya in an maimaita shi a jere, domin hannun mutum ba ya buga abu iri ɗaya sak sau biyu. Sai a sa samfula ta yi karɓa-karɓa: bugu na farko fayil na ɗaya, na biyu fayil na biyu, har huɗu, ta dawo.

Sani Kibod Madina: Karɓa-karɓa har a samfula, siyasa ta bi mu Saudiyya.

Ummu Rayyan: Sai maganar ɗauka, don ɗakunanmu na nan suna da nasu sharrin. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne babban abokin gaba. Ka sanyaya ɗakin sosai, ka kashe shi, ka ɗauka na minti goma, ka huta ka kunna. A bugu ɗaya ba za ka ji hucinsa ba, amma in samfur takwas suna ƙara tare, huci takwas ne ya taru. A kashe firji ma in yana kusa. Ka kauce wa lokutan kiran salla, makirfo yana jin lasifikar masallaci ko an rufe taga. Bayan isha'i zuwa dare ya fi.

Wani abu da ke rikita masu bin darussan da aka yi a Najeriya: wutar can 50 Hz ce, ta nan 60 Hz. In kana jin gurnanin wuta a ƙasan sauti, ka sa matatar tsaga, wato notch filter, a 60, sai 120, sai 180. Ka sa a 50 ka yanke inda babu ciwo. Amma kafin matata, cire cajar laftof ka ɗauka da batir, sau da yawa gurnanin daga nan yake.

Makirfo kamar SM57 ya wadatar, ko ƙaramar na'urar ɗauka irin Zoom H1n. Nisa kamar taƙi ɗaya zuwa biyu daga fata, a ɗan karkace don kada makaɗi ya doke shi. Ka sa ya yi bugunsa mafi ƙarfi, ka daidaita ƙarfin shiga ya tsaya wajen -6 dB, daga nan kada ka sake taɓa shi har a gama. In jawwal ne kawai da kai, ka nemi manhajar da ke ɗaukar WAV kuma take bari a kashe daidaita ƙarfi na kai-tsaye, don shi ne ke ɗaga bugun hankali ya danne mai ƙarfi, ya mayar da su tsawo ɗaya.

Kawu Garba Mai Fiyano: Ƙari a kan na 'yata: a gama ɗauka a zama ɗaya. Fata tana bin iska. Laimar Jidda tana sassauta ta, bushewar Makka da sanyin mukayyif suna canza ta. Ka ɗauki rabi yau rabi jibi, za ka samu kalangu biyu a kibod ɗaya.

Ɗan Jarwal: Na gode Kawu, na gode Anti. To "ƙas" ɗin fa?

Injiniya Bashir Riyad: Wannan daga yanka ne. Buɗe fayil a Audacity ko Edison, ka zuƙo hoton sautin har ka ga layin yana hawa yana sauka a kan layin tsakiya. In ka yanke a inda igiyar take sama, sifika za ta yi tsalle daga sifiri zuwa can a take, tsallen nan shi ne "ƙas". Ka yanke a inda igiyar ta ratsa layin tsakiya. A Audacity in ka zaɓi wuri ka danna Z, shi zai matsar da gefunan zuwa nan. A farkon bugu ka bar milisakan ɗaya zuwa biyu kafin bakin sauti, kada ka fi haka. Kada kuma ka yi wa farkon dogon shigowa a hankali, milisakan ɗaya ya isa. Ka sa goma ka cinye bakin makaɗi, kalangu ya koma kamar ana buga matashi. Ƙarshe shi ke son doguwar fita, milisakan 50 zuwa 200, bayan jela ta kusa mutuwa. In ka ga duk igiyar ta ɗage daga layin tsakiya ko a wurin shiru, a cikin Normalize akwai akwatin cire DC, ka yi masa alama.

Abu mafi muhimmanci, duk fayilolin su fara a wuri ɗaya. In na ɗaya yana da shirun milisakan 2, na uku yana da 15, karɓa-karɓa za ta riƙa ɗingishi, ka yi ta zargin hannunka.

Abu Yasir Jidda: Tunda an ambaci Normalize, kada ka yi wa kowane fayil shi kaɗai. Ka yi wa dogon fayil ɗin gaba ɗaya kafin ka yanka, don bugun hankali ya zauna a hankalinsa.

Injiniya Bashir Riyad: A nan na saɓa da kai, Yaya. In aka ɗaga kowanne zuwa -1 dB, aka bar samfula ta rage ƙarfi gwargwadon yadda aka danna maɓalli, ana samun hawa mai santsi daga 1 zuwa 127, wato ma'aunin ƙarfin dannawa. In aka bar su yadda suke, a kan iyakar da aka tsallaka daga fayil na hankali zuwa na tsakiya sai ka ji ƙarfi ya yi tsalle kamar matakala.

Abu Yasir Jidda: Haka ne in ɗakinka shiru ne kamar kabari. Bugun hankali da ya tsaya a -26, ka kai shi -1, ka ɗaga shi da 25 dB, hucin ɗaki ma ya tashi da 25. Samfula za ta sake rage shi, na yarda, amma a saman iyakar ƙarfinsa ba za ta mayar da shi inda yake ba, sai huci ya leƙo.

Ummu Rayyan: Ku duka hanyarku tana kaiwa gida, wanda ke ɓata shi ne mai haɗa biyun bai sani ba. Wato ya bar fayiloli da ƙarfinsu na asali, kuma ya bar samfula tana rage ƙarfi ɗari bisa ɗari. An rage wa bugun hankali sau biyu ke nan, sai ya ɓace, mutum ya yi ta dukan kibod kamar yana jin haushinsa. In ka bi ta Abu Yasir, ka rage tasirin ƙarfin dannawa zuwa kashi 30 ko 40. In ka bi ta Injiniya, ka bar shi a cike. Ga mai ƙarfi uku kacal da ɗakin haya, ni ta farko zan ba shi.

Sani Kibod Madina: Wani tarko da ba a faɗa ba: sunan maɓalli. Maɓallin tsakiya lambarsa 60 a ko'ina, amma Kontakt da Ableton da kibod ɗin Yamaha suna kiransa C3, fayil ɗin SFZ yana kiransa C4, FL Studio kuma C5. Wani ya turo maka fayil ya rubuta C3, ka ɗora a C3 na FL, ka sauka oktaf biyu, wato maɓalli 24, ba ka sani ba. Ku riƙa sa lamba a sunan fayil, lamba ba ta da mazhaba. A FL, ka shiga saitin tashar samfur ɗin, a ɗan kibod ɗin da ke ƙasa ka danna maɓalli da hannun dama na linzami, ya zama maɓallin asali. Kuma ka duba wajen Time stretching, in wilin lokaci ya motsa daga sifiri, FL za ta riƙa jan bugun tana bin saurin waƙa.

Sunayen kuma a rubuta su da baƙaƙen boko zalla. Ban da Larabci, ban da ƙ da ɗ da ɓ, ban da tazara. Kwamfutarka za ta iya karantawa, amma ranar da ka kai filasha kan kibod ko wata kwamfutar sai ka ga alamomin tambaya a jere. Misali: kalangu_m1_v2_r3.wav, wato matsi na ɗaya, ƙarfi na biyu, maimaici na uku.

Ɗan Jarwal: Yaya Sani, samfular FL fayil ɗaya take ɗauka. Ina zan zuba 60?

Sani Kibod Madina: Hanya uku. FPC yana cikin FL, kowane faifai yana ɗaukar fayiloli da yawa, kowanne da iyakar ƙarfinsa. DirectWave shi ne ainihin mai wannan aikin, sai dai wanda ke zuwa da ƙananan bugun FL na kunnawa ne, ba na ginawa ba. Ta uku, wadda ba ta cin ko kwabo: sforzando na kamfanin Plogue, kyauta ne, yana karanta SFZ. SFZ kuma rubutu ne kawai da za ka yi a Notepad. Duba:

<group> key=48 lovel=1 hivel=60 loop_mode=one_shot seq_length=4 amp_veltrack=35
<region> sample=kalangu_m1_v1_r1.wav seq_position=1
<region> sample=kalangu_m1_v1_r2.wav seq_position=2
<region> sample=kalangu_m1_v1_r3.wav seq_position=3
<region> sample=kalangu_m1_v1_r4.wav seq_position=4

Layin farko yana cewa: maɓalli mai lamba 48, in an danna da ƙarfi daga 1 zuwa 60, a kunna fayil har ƙarshensa ko an ɗaga yatsa, a yi karɓa-karɓa tsakanin huɗu. Ka kwafi wannan sau biyu, ka canza iyaka zuwa 61 da 100, sannan 101 da 127, ka canza v1 zuwa v2 da v3. Matsi na biyu ya hau 50, na uku 52, na huɗu 53, na biyar 55, duk fararen maɓallai a jere ƙarƙashin yatsu biyar. Masu hawa da faɗuwa ka ba su baƙaƙen da ke tsakani. Ka ajiye da .sfz a folda ɗaya da fayilolin. Ka kula Notepad kada ya maƙala masa .txt a wutsiya, rabin masu cewa "ya ƙi buɗewa" wannan ne.

Injiniya Bashir Riyad: Ka manta da abu ɗaya, Sani. Kalangu fata ɗaya ake bugawa, sabon bugu yana kashe jelar tsohon. In ba a faɗa wa samfula ba, matsi na ɗaya da na biyar za su yi ƙara tare, abin da ba ya faruwa a hammatar kowa. A layin rukuni ka ƙara group=1 off_by=1 a dukkansu. In ka ji kisan ya yi kaifi, ka ƙara off_mode=normal da ampeg_release=0.05. A FL wannan shi ne Cut da By, ka ba su lamba ɗaya.

Abu Yasir Jidda: Ga masu Kontakt kuma, a sani: Kontakt Player na kyauta ba ya gina kayan kiɗa, sai cikakken. A cikakken, ka danna alamar sifana, ka buɗe Mapping Editor, ka jawo fayiloli. Inda linzaminka ya tsaya shi ke yanke hukunci: can ƙasan allon kowane fayil maɓalli ɗaya, kana hawa sama suna faɗaɗa, in ka sauke su a kan hoton maɓallan kansu sai su hau kan juna a matsayin layukan ƙarfi. In kun sa lambar maɓalli a sunan fayil yadda Sani ya ce, Auto Map zai karanta ta ya jera da kansa. Maimaici huɗu kowanne rukuninsa, a Group Start Options a zaɓi cycle round robin. Ga ganguna a kashe Tracking, don kada maɓalli ya canza murya.

Wajen ajiyewa ne mutane ke ƙonewa. Patch only adireshin fayiloli kawai yake riƙewa. Ka matsar da folda ko ka canza mata suna, ya fito maka da allon neman samfuran da suka ɓace. Ka zaɓi patch + samples, ko monolith da ke dunƙule komai a fayil ɗaya. A FL ka fitar da aikin a matsayin zip, a Ableton Collect All and Save.

Hajiya Mai Situdiyo: Ina bin ku tun ɗazu. Duk maganarku a kan bugu ce. Mai son goge ko algaita fa, da ake riƙe sauti?

Ummu Rayyan: Hajiya, nan ne aikin yake da cin rai, don sai an yi zagaye: a zaɓi wani yanki a tsakiyar sauti da zai yi ta maimaituwa muddin yatsa na kan maɓalli. A sa mai busa ya riƙe kowace murya daƙiƙa biyar zuwa shida ba tare da ado ba. Mai algaita wannan ba ya ba shi wuya, tunda yana shaƙa ta hanci yana busawa da iskar kumatu. A tsallake daƙiƙar farko, a fara zagaye inda murya ta zauna. Kada ya yi gajarta: zagayen milisakan 50 ƙarar injin yake bayarwa, a nemi daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Farko da ƙarshe su yi daidai a ƙarfi, su ratsa layin tsakiya ta fuska ɗaya, sannan a haɗa bakinsu da narkewar milisakan 100 zuwa 300. In ana jin "wup, wup" duk zagaye, ƙarfin gefunan ne bai zo ɗaya ba. A goge kada zagaye ya haɗa da inda baka ya juya, in ba haka ba juyin zai riƙa dawowa kamar agogo. Kuma a ɗauka ba karkarwa, don karkarwar da ke cikin fayil tana ƙara sauri in an hau sama, ta rage in an sauka. Polyphone kyauta ne, yana nemo wurin zagaye da kansa, sai ki gyara da kunne. A lura, alamar zagaye a cikin WAV ɗin take zaune, wasu manhajojin gyara suna zubar da ita in an sake ajiyewa, don haka zagaye shi ne aikin ƙarshe.

Kawu Garba Mai Fiyano: Kuma a sa ta murya ɗaya. Algaita ba ta busa murya uku lokaci guda. Yaro ya danna maɓalli uku da algaita, sai ka ji kamar motoci a Shari' Mansur bayan la'asar.

Abu Yasir Jidda: Sai auna murya. Goge da algaita ba su san 440 Hz da ake daidaita fiyano a kai ba, kowane mai yi da inda ya ɗaure nasa. Ki sa ma'aunin murya irin GTune a kan kowane fayil, ki rubuta maɓallin da ya fi kusa da kuma sent nawa ya kauce. Mataki ɗaya sent 100 ne. In ya nuna ya haura da 23, ki sa tune=-23. Amma ni ba na goyon bayan a daidaita su tsaf in kayan kiɗan zai tsaya shi kaɗai da ganguna, kaucewar nan tana cikin ɗanɗanonsa. In zai zauna da fiyano da gita, dole a gyara.

Sani Kibod Madina: Tunda bukukuwan nan ana haɗa namu da na Larabawa, ga wani. Bayati da Rast sikelin Larabawa ne. Bayati a kan D yana son E ta sauka da rubu'in murya, wajen sent 50. Rast a kan C yana son E da B duka su sauka. Kuskuren da ake yi: samfur ɗaya ya rufe maɓalli uku, a sa masa -50, sai ukun duka su sauka. A raba yankin, E ta tsaya ita kaɗai da gyaranta, ko da fayil ɗaya suke ci. Mafi sauƙi a bar samfuran a miƙe, a yi gyaran a teburin sikeli: sforzando yana karanta fayil ɗin Scala, Kontakt yana da Microtuning, masu PSR-A3000 da A5000 kuma maɓallan suna nan a gaban kibod. Hamsin ɗin ma ba wahayi ba ne, masu oud kowa da inda yake ajiye yatsa.

Hajiya Mai Situdiyo: To in ana so a kai su kan kibod ɗin kansa don zuwa istiraha, wato wurin biki, ba a ɗauki laftof ba?

Sani Kibod Madina: Na Yamaha ta Yamaha Expansion Manager ake bi, yana karɓar WAV da SoundFont, a haɗa ƙunshi a zuba ta filasha. Wurin ajiyar kibod bai kai na kwamfuta ba, don haka a mayar da su layi ɗaya, 16 bit, 44.1, a rage maimaici zuwa biyu. Mayarwar a yi ta da gaske ta hanyar Resample, ba canza lambar kawai ba. Fayil ɗin 48 in aka karanta shi a matsayin 44.1 yana sauka da kusan sent 147, mataki ɗaya da rabi, ba ya kan farin maɓalli ba ya kan baƙi.

Kawu Garba Mai Fiyano: Abu ɗaya da ba na inji ba. Makaɗin da ya zauna ya ba ka bugu 60, hannunsa ka ɗauka, za ka yi shekaru kana cin abinci da shi. A yi magana a fili tun farko: na waƙa ɗaya ne, na situdiyonka ne, ko za ka raba wa mutane. A biya shi a kan haka, a rubuta.

Ɗan Jarwal: In sha Allah, Kawu. Na gwada da guda huɗu da nake da su a WAV, na yanke da Z, "ƙas" ya tafi, karɓa-karɓa tana aiki. Sai dai in na danna maɓalli sautin yana ɗan makara, ko da na yanke shirun.

Injiniya Bashir Riyad: Wannan ba fayil ba ne, katin sauti ne. Shiga saitin sauti na FL, ka zaɓi direban ASIO na katinka, in babu ka ɗauki FL Studio ASIO ko ASIO4ALL. Duba tsawon bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. A 48 kHz, 1024 jinkirin milisakan 21 ne, 512 kusan 11, 128 bai kai 3 ba. Lokacin bugawa ka sauke zuwa 128 ko 256, lokacin haɗa waƙa ka mayar 1024 don kada kwamfuta ta riƙa tatsatsa. In kuma abin kunnenka na Bluetooth ne, cire shi ka sa mai waya, nasa jinkirin ya fi na bafar gaba ɗaya.

Ɗan Jarwal: Na Bluetooth ne.

Ummu Rayyan: To ka ji. Sa mai waya, ka sake gwadawa a 256, sannan ka turo mana SFZ ɗin mu duba iyakokin ƙarfin kafin ka kira makaɗin.